Takardun Kwangilar Gini: Yadda Ake Karanta Su Tun Daga Jinga Har Zuwa Karɓar Makulli

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan aikin gini a Damagaram ya san ranar da fuskoki suke sauyawa. Bango ya kai linto, wato kankaren da ake zubawa a saman ƙofofi da tagogi, sai ɗan kwangila ya ce kuɗin da aka yi jinga ba su haɗa da yaɓen waje ba, mai gida kuma ya rantse cewa da yaɓe aka yi magana. Kowannensu yana iya zama mai gaskiya a zuciyarsa, domin an yi maganar a zaure wata shida da suka wuce, kuma kowa ya riƙe abin da kunnensa ya ɗauka. Abin da zai raba gardamar shi ne takarda. Sai dai mutane da yawa suna zaton kwangila ita ce fallen nan guda da aka sa wa hannu da hatimi, alhali kwangilar gini tarin takardu ne masu jingina da juna, kowace da aikinta, kuma wata tana gaba da wata idan suka saɓa. Wanda ya san wannan tari, ya kuma san wace ce babba a cikinsu, shi ne yake riƙe da linzamin aikinsa.

Akwai masu jin nauyin neman a rubuta, musamman idan maginin ɗan'uwa ne ko maƙwabci, suna ganin kamar zargi ne. Ni ban ga abin jin nauyi a nan ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma aikin gini cike yake da bashi ta kowane ɓangare: yau kuɗinka ne a hannun magini, gobe guminsa ne a hannunka.

Mataki na farko: takardun da suke gaban kwangila

Kafin a buɗe maganar farashi, mai gini ya tabbatar da takardar filinsa, ko dai takardar mallaka da ake kira akt da sesiyon, ko kuma titir fonsiye, wadda ita ce mafi ƙarfi. Ya duba lambar ilo, wato rukunin filayen da nasa yake ciki, da lambar fili, ya je wurin da kansa tare da mai awo a gano turakun iyaka. Sannan ya nemi izinin gini daga hukumar birni. A rubuta a kwangila wanda zai bi sawun wannan izini da wanda zai biya kuɗinsa, domin idan aka tsayar da aiki saboda rashinsa, kwanakin da aka rasa za su zama abin jayayya.

Shi ma ɗan kwangila yana da takardun da ya kamata a gani. Kamfani na gaskiya yana da lambar rajistar kasuwanci ta RCCM, wadda take ƙarƙashin dokokin kasuwanci na bai ɗaya na wasu ƙasashen Afirka, wato OHADA, da Nijar take cikinsu tun yarjejeniyar 1993, yana kuma da lambar haraji ta NIF. A duba cewa sunan da ke kan waɗannan takardu shi ne sunan da zai hau kwangila, kuma mai sa hannu shi ne shugaban kamfanin ko wanda aka ba wakilci a rubuce. Idan kuwa da maso, wato magini, ake aiki kai tsaye, wanda ba shi da kamfani, to a rubuta cikakken sunansa da lambar katinsa na ɗan ƙasa, a kawo shaidu biyu.

Mataki na biyu: baje tarin a tabarma, a san babba da ƙarami

A manyan ayyuka, irin na gwamnati ko na ƙungiyoyi masu gina azuzuwa da asibitocin karkara, tarin yakan ƙunshi takardar alkawari, wadda a cikinta ɗan kwangila yake ɗaukar nauyin yin aiki kaza a kan kuɗi kaza cikin wa'adi kaza. Da kundin sharuɗɗan gudanarwa na musamman, wanda za ka ga an rubuta CCAP a bangonsa. Da kundin sharuɗɗan fasaha, wato CCTP. Da zane-zanen gini. Da jadawalin farashin kowane ma'auni. Da dabi, wato lissafin yawan aiki da kuɗinsa. Da jadawalin kwanakin aiki. A bayan waɗannan duka akwai kundin sharuɗɗa na gama-gari, CCAG, wanda sau da yawa ba a ma haɗa shi a cikin tarin, ambatonsa kawai ake yi, amma duk da haka yana ɗaure ɓangarorin biyu. Ayyukan da manyan bankunan raya ƙasa suke ba kuɗi kuma sukan yi amfani da sharuɗɗan FIDIC, ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara da aka kafa a 1913.

Abin da za ka fara nema shi ne sakin layin da ya jera waɗannan takardu bisa fifiko. Yawanci yana kusa da farkon takardar alkawari ko na CCAP, kuma ƙa'idarsa ita ce ta sama tana rinjayar ta ƙasa. Amfaninsa yana fitowa ne ranar da zane ya nuna taga huɗu a falo, dabi kuma ya lissafa uku. Idan an jera zane a sama da dabi, kuma kwangilar ta dunƙulallen farashi ce, to ɗan kwangila zai sa huɗu ba tare da ƙarin ko dala ba. Idan babu wannan sakin layi, kada ka sa hannu sai an ƙara shi. Layi shida ne kawai.

Mai gina gidan kansa a Karkada ko Garin Malam ba ya bukatar kundi mai shafi ɗari. Takardu huɗu sun wadatar da shi: yarjejeniya mai shafi uku ko huɗu, zane, bayanin kayan aiki da ingancinsu, da dabi. Amma kada ɗaya ta ɓace daga cikin huɗun nan, kuma kowane shafi ya sami gajeren sa hannun ɓangarorin biyu a gefensa, don kada a sauya shafi daga baya. Tunda galibi da Faransanci ake rubuta su, wanda bai ƙware ba ya sami mai karanta masa sharaɗi bayan sharaɗi da Hausa, kuma mai karatun ya kasance ba shi da wata alaƙa da ɗan kwangilar.

Mataki na uku: wane irin farashi aka yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ita ce aka fi tsallakewa. Farashin gini iri biyu ne. Akwai dunƙulallen farashi, wanda ake kira forfe: an yi jinga a kan gida sukutum kamar yadda zane ya nuna, kuɗi kaza, ko bulo ya ƙaru ko ya ragu. Akwai kuma farashin ma'auni: an amince cewa mita murabba'i ɗaya na bango kuɗinsa kaza, mita kubik ɗaya na kankare kaza, sannan a auna abin da aka yi a zahiri a biya. A na farko, haɗarin kuskuren lissafi yana wuyan ɗan kwangila. A na biyu, yana wuyan mai gini, domin jimillar da ke ƙasan dabi hasashe ne kawai.

Dokar farar hula da ake aiki da ita a Nijar, wadda ta samo asali daga kundin Faransa na 1804, ta yi magana ƙarara a kan forfe. Sashe na 1793 ya ce wanda ya karɓi gini a dunƙule bisa zanen da aka tsayar aka amince da shi tare da mai fili, ba zai nemi ƙarin kuɗi ba da hujjar tsadar kaya ko ta leburori, haka kuma ba zai nemi ƙari ba saboda sauye-sauyen da aka yi wa zanen, sai idan mai ginin ya ba da izinin sauyin a rubuce kuma an daidaita a kan farashinsa. A lura da sharaɗin da ke ciki: sai akwai tsayayyen zane da aka amince da shi. Wanda ya ba da gini a dunƙule ba tare da zane ba, ya zubar da wannan kariya da hannunsa.

A nan zan faɗi ra'ayina, ko da zai ɓata wa masu gida rai. Forfe yana da kyau ga aikin da zai ƙare cikin wata huɗu ko shida. Amma ga wanda yake gini sannu a hankali, yana jiran kuɗin kaka ko saƙon ɗa daga waje, zalunci ne a ɗaure magini da farashin bara. Kasuwarmu tana rataye da hanya: siminti yana zuwa daga Malbaza ko daga Najeriya, ƙarfe da kwano su ma daga nesa suke zuwa, kuma kowa ya ga yadda farashi ya yi tsalle lokacin da aka rufe iyaka a 2019, da kuma lokacin takunkumin 2023. Maginin da aka matse ba zai biya daga aljihunsa ba, daga cikin kankare zai cire. Hanya mafi adalci ita ce a rubuta farashin buhun siminti da na sandar ƙarfe na ranar sa hannu, a ce idan ya hau ko ya sauka fiye da kashi kaza cikin ɗari, za a gyara kuɗin wannan kayan kaɗai bisa rasit. Ko kuma a raba ginin kashi-kashi, kowane kashi da jingarsa.

Sai haraji. Harajin TVA a Nijar kashi 19 cikin ɗari ne. Idan ka ga HT a gaban jimilla, ba a sa haraji ba. Idan TTC ne, an sa. A aikin sefa miliyan 20, tazarar da ke tsakanin haruffan nan ta kai miliyan 3 da jika 800. A tabbatar an rubuta jimillar da lambobi da kuma kalmomi, kuma sun dace da juna.

Akwai wata tambaya da take tafiya tare da wannan: wa zai sayi kaya? A garinmu an saba mai gida ya sayi siminti da ƙarfe da kansa, ya biya maso kuɗin hannu kawai. Ba laifi, amma a rubuta wanda zai tsare kayan, da wanda zai biya mai gadi, da abin da zai faru idan ma'aikata suka wuni zaune saboda mai gida bai kawo yashi ba.

Mataki na huɗu: karanta zane da bayanin fasaha da dabi a lokaci ɗaya

Waɗannan uku ba a karanta su ɗaya bayan ɗaya. A shimfiɗa su gefe da gefe, domin zane yana faɗin ina, bayanin fasaha yana faɗin da me da kuma yaya, dabi yana faɗin nawa. Ka ɗauki abu guda, misali ginshiƙi, ka bi shi ta cikin ukun.

A zane, ka fara duba kusurwar ƙasa inda aka rubuta ma'aunin raguwa da kwanan wata. Idan 1/100 ne, santimita ɗaya a takarda mita ɗaya ne a ƙasa. Idan 1/50 ne, santimita biyu ne mita ɗaya. Lambar da aka rubuta a kan zane ita ake bi, ba abin da rula ta auna ba. Ka tabbatar kwangila ta ambaci kwanan watan zanen da ake nufi, domin arshitek, wato mai zanen gini, yakan gyara zane sau uku kafin a fara, kuma na sha ganin maso yana aiki da tsohon kwafi alhali sabon yana aljihun mai gida. Zanen ɗakuna kaɗai bai isa ba. Ana bukatar zanen harsashi, da zanen ƙarfe wanda yake nuna sanda nawa ne a kowane ginshiƙi da kaurinsu da tazarar zobba, da zanen wutar lantarki da na bututun ruwa da ramin masai. Wanda yake da niyyar ɗora bene nan gaba, ya faɗa tun yanzu a rubuta, domin harsashin gidan ƙasa daban ne da na gidan sama.

A bayanin fasaha, maƙiyinka shi ne kalma mai santsi, irin su "siminti mai kyau" ko "ƙarfe mai inganci". Waɗannan ba sa ɗaure kowa. Abin da yake ɗaurewa shi ne lamba. Kankaren ginshiƙai da linto da dal, wato rufin kankare, akan haɗa shi da kilo 350 na siminti a kowane mita kubik, wato buhu 7 na kilo 50. Kankaren shimfiɗa da ake zubawa a ƙasan harsashi kilo 150 ne, buhu 3. Ga bulo, a rubuta kaurinsa, na 15 ne ko na 20, mai rami ne ko cikakke, a kuma rubuta bulo nawa za a fitar daga buhu ɗaya, domin bulon da aka buga 30 a buhu da wanda aka buga 50 kamanninsu ɗaya ne a ido, sai an ɗaga an saki ake gane bambanci. Ga ƙarfe, a rubuta na 6, na 8, na 10 ko na 12, a ƙara da cewa za a auna kaurinsa idan ya iso, saboda a kasuwa akan ci karo da sandar da ake kira ta 10 alhali ba ta cika ba. Awo a sikeli ma yana tona asiri: mita ɗaya na ƙarfen 10 nauyinsa kusan giram 617 ne, na 12 kuma kusan giram 888. Kwanon rufi a faɗi irinsa da kaurinsa. Karo, wato tayil na daɓe, da fenti da makullai da wayar lantarki, a faɗi samfurinsu, ko a ajiye misali guda wanda ɓangarorin biyu suka sa wa alama.

A dabi kuma, ka gwada layi biyu ko uku da kanka. Bulo mai tsawon santimita 40 da tsayin 20 yana shiga kusan 12 da rabi a mita murabba'i ɗaya, saboda haka bango mai mita murabba'i 100 zai ci wajen 1,250, da ɗan ƙari na fashewa. Idan dabi ya ce kankare mai ƙarfe mita kubik 10 ne, ka san buhu 70 ya kamata su shige ciki, kuma kana iya ƙirga buhunan da aka zazzage. Ka duba ko an cire faɗin ƙofofi da tagogi daga lissafin bango. Sannan ka nemi abin da babu shi, wanda ya fi abin da ke akwai muhimmanci: katangar gida, ƙofar waje, ramin masai da rijiyar tsotse ruwa, yaɓen waje, cikon ƙasa a ɗakuna, jawo wuta da ruwa daga layi, kwashe ɓaraguzai bayan an gama. Duk wanda ba ka gani ba, ka tambaya, a rubuta ko dai yana ciki ko ba ya ciki.

Abubuwa biyu na Damagaram suna bukatar sakin layinsu na musamman. Na farko dutse ne. Birnin yana zaune a kan dutse mai tauri, wanda kowa yake ganin kawunansa a Birni da kewaye, kuma a wasu filayen ba a yi nisa da haƙa ba ake cin karo da shi. Na taɓa tsayawa a wani aiki inda leburori suka haƙa rabin harsashi cikin kwana biyu, sauran rabin ya ci mako uku da guduma da kurfi. Ɗan kwangilar ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, farashin da na bayar na haƙar ƙasa ne, wannan kuwa fasa dutse ne." Mai gidan ya amsa masa da cewa, "Malam, ni harsashi na ba ka, ban ba ka ƙasa ko dutse ba." Babu abin da takardarsu ta ce, sai da aiki ya tsaya wata guda kafin dattawa su raba asarar biyu. Da an sa layi guda a jadawalin farashi, mita kubik na haƙa a dutse kuɗinsa kaza, da awo kawai za a yi. A ginin bene kuwa, gwajin ƙasa kafin zanen harsashi wajibi ne a wurina.

Na biyu ruwa ne. Ba sai an gaya wa mutumin Damagaram wahalar ruwa ba, musamman daga Maris zuwa Mayu. Kankare yana son a riƙa shayar da shi aƙalla mako guda bayan zubawa, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da injiniya ya yi lissafi da shi. Bulo ma haka yake son ruwa bayan bugawa. Idan takarda ba ta faɗi wanda zai biya tanka ko ƴan ga-ruwa ba, abin da zai faru shi ne a rage shayarwa, kuma sakamakon ba zai fito ba sai bayan shekaru, lokacin da bango ya fara tsagewa.

Mataki na biyar: sharuɗɗan kuɗi da na lokaci

A kwangilolin gwamnati, ƙa'idojin 2005 na UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, sun taƙaita jimillar abansi, wato kuɗin da ake bayarwa kafin aiki, a kashi 30 cikin ɗari, kuma akan nemi lamunin banki kafin a bayar da shi. Mai gina gidansa ba ya ƙarƙashin wannan ƙa'ida, amma yana da kyau ya yi koyi da ita. Wanda ya ba da rabin kuɗi tun ba a kafa turaku ba, ya koma mai roƙo a kan dukiyarsa. A rubuta yadda za a riƙa cire abansin daga biyan da ke tafe.

Sauran biyan a ɗaure shi da aikin da ido yake gani, kada a ɗaure shi da kwanan wata: kashi kaza idan an gama harsashi, kaza idan bango ya kai linto, kaza bayan rufi, kaza bayan yaɓe da wuta da famfo. Kowane biya ya sami rasit mai kwanan wata da sa hannu, ko da ta waya aka tura kuɗin. Shi ma ɗan kwangila yana da haƙƙin a rubuta masa cikin kwana nawa za a biya shi bayan ya kammala kashi, da haƙƙin dakatar da aiki idan aka wuce.

Daga kowane biya akan riƙe wani abu a matsayin jingina, galibi kashi 5 cikin ɗari, wanda shi ne iyakar da ƙa'idojin da na ambata suka sa wa ayyukan gwamnati. A aikin miliyan 20, miliyan 1 ke nan yake zama a hannun mai gini har ƙarshen lokacin garanti. Tarar jinkiri kuma ana rubuta ta a matsayin kaso na kuɗin kwangila a kowace rana. Idan aka amince da 1/2000, to kowace ranar latti a wannan aiki jika 10 ce. A sa mata iyaka, a kuma faɗi abin da zai biyo baya idan aka kai iyakar, wanda yawanci shi ne damar soke kwangila.

Tara ba ta da ma'ana sai an san ranar da aka fara ƙirga. Wa'adi yana farawa ne daga ranar da aka ba da umarnin fara aiki a rubuce, ko ranar biyan abansi, gwargwadon abin da aka zaɓa. A zaɓi ɗaya a rubuta. A fayyace ko kwanakin kalanda ake nufi ko na aiki. Damina tana zuwa kowace shekara daga Yuni zuwa Satumba, saboda haka ruwan Agusta ba abin mamaki ba ne da za a fake da shi. A amince tun farko cewa ranar da ruwa ya hana aiki za a rubuta ta a ƙara a wa'adi. Haka azumi da bukukuwan salla biyu, da lokacin da leburori suke komawa gona. Uzurin da ya fi ƙarfin mutum, kamar ambaliya ko rufe iyaka, a faɗi cikin kwana nawa ɗan kwangila zai sanar da shi a rubuce.

Mataki na shida: takardun da ake haifa a wurin aiki

Sa hannu ba ya rufe tarin. Daga ranar da aka fara haƙa, sababbin takardu suna shigowa, kuma su ne suke zama hujja idan an yi saɓani. Mafi sauƙinsu kuma mafi amfani shi ne kaye na shantiye, littafi mai lambobin shafi da yake kwana a wurin aiki. A ciki ake rubuta kayan da suka iso, da yawan ma'aikata, da ranar ruwa, da duk umarnin da mai sa ido ya bayar. Kafin a zuba kankare a kan ƙarfe, mai sa ido ya duba ya sa hannu, a ɗauki hoto, domin abin da kankare ya rufe ya rufu ke nan. A kwangilar farashin ma'auni, awon da aka yi tare aka sa wa hannu shi ne tushen kowane biya.

Mai sa idon nan, injiniya ne ko ƙwararren ma'aikacin gini, mai gida ne ya kamata ya ɗauke shi ya biya shi, kuma kwangila ta faɗi iyakar ikonsa: yana iya ƙin karɓar aiki ya sa a rushe, amma ba ya iya ƙara kuɗi ba tare da mai gida ba.

Sai sauyi. Babu ginin da ake gamawa ba a sauya wani abu ba. Uwargida za ta zo ta ga kicin ya yi ƙanƙanta, ko a ga ya kamata a ƙara shago ta bakin titi. Kowane sauyi a yi masa ƴar takardar ƙari, wadda ake kira abanan, mai faɗin abin da aka sauya, da kuɗin da ya ƙaru ko ya ragu, da kwanakin da aka ƙara, a sa hannu kafin a taɓa bulo ɗaya. Ɗan kwangila ya fi kowa bukatar wannan, tunda sashe na 1793 zai hana shi kuɗinsa idan ba shi da izini a rubuce. Kwangila kuma ta ambaci mutum ɗaya tak da yake da ikon ba da umarni, musamman idan mai gidan yana Kano ko Agadas ko Libiya, ƴan'uwa uku kuma suna zuwa kowa da ra'ayinsa.

Mataki na bakwai: karɓar aiki da abin da ke bayansa

Karɓa iri biyu ce. Ta wucin gadi ana yin ta ne idan ɗan kwangila ya ce ya gama. A zagaya gidan tare da rana tsaka, a buɗe kowace ƙofa da taga, a kunna kowane makunni, a saki ruwa a kowane famfo, a kwara ruwa a kan dal da cikin makewayi a ga inda yake gangarawa. Duk aibin da aka gani a rubuta shi a takardar karɓa tare da wa'adin gyara, domin aibin da yake a fili wanda ba a rubuta ba, da wuya a dawo a neme shi. Kada a kwashe kaya a tare kafin wannan takarda, saboda shiga gida ana iya ɗaukarsa a matsayin amincewa da aikin. Daga ranar ne tarar jinkiri take tsayawa, tsaron gida ya koma wuyan mai shi, lokacin garanti kuma ya fara.

Garantin yawanci shekara ɗaya ne, kuma hikimarsa a wurinmu ita ce gidan ya ga damina guda cikakkiya. Bayan an gyara abin da ya ɓullo, sai a yi karɓa ta ƙarshe, a saki kuɗin jingina. Mai gida ya sake su a kan lokaci. Riƙe haƙƙin wanda ya cika alkawarinsa ba shi da wani suna sai cin amana. Bayan wannan ma akwai sauran nauyi: sashe na 1792 ya ɗora wa mai zane da ɗan kwangila alhakin shekara 10 idan ginin da aka yi a kan tsayayyen farashi ya rushe, duka ko wani sashe, saboda aibin gini ko ma aibin ƙasa.

A ƙarshen yarjejeniya akwai sharaɗin soke kwangila da na sasanta rikici. Sashe na 1794 ya ba mai gini damar soke kwangilar forfe da ra'ayin kansa ko da an fara aiki, amma sai ya biya ɗan kwangila abin da ya kashe, da aikin da ya yi, da ribar da zai samu. Idan kuwa ɗan kwangila ne ya gudu ya bar aiki, kada a kawo wani maso washegari. A fara aika masa takardar gargaɗi mai wa'adi, sannan a kira wisiye, wato jami'in shari'a mai rubuta shaidar abin da ya gani, ya rubuta halin da ginin yake ciki da kayan da suka rage, kafin kowa ya taɓa wurin. Game da rikici, a rubuta cewa za a fara da sulhu cikin kwana kaza a gaban wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi, idan ya gagara a tafi kotun Damagaram. A duba da kyau kada a tarar takardar ta ce sai a Yamai, tafiyar kusan kilomita 900.

Ranar karɓa ta ƙarshe, ka nemi zanen da yake nuna yadda aka yi ginin a zahiri, musamman inda bututun ruwa da wayoyin lantarki suka bi a cikin bango da ƙarƙashin daɓe. Ka haɗa shi da yarjejeniya, da dabi, da takardun ƙari, da rasitai, da kaye na shantiye, da takardun karɓa biyu, a jaka guda inda gara da ruwa ba za su kai ba, ka kuma ɗauki hoton kowane shafi a waya. Shekara 10 ɗin da doka ta ba ka daga ranar karɓar aiki ake ƙirga su, kuma takardar karɓa ce take nuna wannan rana.